Gadar Bappayo

Duk wanda ya tari Keke Napep a tsohuwar kasuwar Gombe ya ce a kai shi Gadar Bappayo, ba sai ya ƙara kwatance ba. Gada ce ta siminti, mota biyu suna wuce juna a kanta ba tare da wata ta gogi wata ba, tana kwance a kan babbar magudanar ruwan da ta raba wata 'yar unguwa da Herwagana. A allon da gwamnati ta kafa a bakinta akwai sunayen manya da na kamfanin da ya yi aikin, babu na Bappayo. Mai sunan kuwa yana nan da ransa. Gidansa ne mai koren ƙyaure kafin a hau gadar, kuma da ta tasa za a bi, da tuni an manta da shi.

Haifaffen Gombe ne. Mahaifinsa dillalin shanu ne, ya so ɗan ya gaje shi, amma Bappayo tun yana ƙarami idonsa yana kan manyan motocin da ke jigilar auduga. Ya yi yaron mota, ya koyi tuƙi, daga baya ya samu aikin direban gwamnati a Bauchi, lokacin da Gombe take ƙarƙashinta. Da aka ba Gombe jiha a 1996, ya biyo ayarin ma'aikatan da suka dawo gida, da matarsa Fanta da 'yarsu Lubna tana goye. Aka haɗa shi da wani darakta a wata ma'aikata, ya yi shekaru yana tuƙa shi. Direba ne mai tsafta da natsuwa. Bai taɓa buge ko akuya ba, kuma kaftaninsa kullum a goge yake, har ana cewa wanda bai sani ba, in suka fito daga mota, sai ya rasa wane ne ogan.

Aibinsa ɗaya ne, shi ma ba za a kira shi ƙarya kai tsaye ba. Abin da ya ji manya suna faɗa a kujerar baya, in ya zo majalisa da yamma sai ya maimaita shi kamar da shi aka yi shawarar. "Mun duba maganar da Oga," haka yake farawa. Mutanen unguwa sun san yana ƙara gishiri, amma suna jin daɗin labarin, kuma sau da yawa abin da ya faɗa yakan faru, don ai daga bakin masu yi ya ji.

A wancan lokacin babu magudana, kwari ne kawai. Da rani ana gangarawa a taka yashi a haura ta can. Da damina kuwa ruwa ja wur yake tahowa daga tudu da gudu, yana gutsurar gaɓa, kowace shekara sai ya ci katangar wani ko makewayin wani. Wanda ya fara yi wa mutane hanya a kansa shi ne Nehemiah kafinta, Batangale daga wajen Kaltungo. Gidansa yana tsallake, a ɓangaren Herwagana, shagonsa kuma yana wannan ɓangare, jikin katangar Bappayo. Da ya gaji da zagaye, sai ya sayo shasin wata tsohuwar babbar mota daga 'yan gwangwan, ya tara majiya ƙarfi suka gicciya shi a inda kwarin ya fi ƙunci, ya shimfiɗa katakon maɗaci masu kauri, ya yi madafa a gefe da gefe. Mutane suna bi, babura suna bi, 'yan garuwa suna tura kurarsu a kai. Duk ƙarshen damina shi ke zuwa da guduma ya canja katakon da ya ruɓe, ba wanda ya sa shi.

Maƙwabtaka ta zama abota. In Bappayo ya ajiye motar Oga ya yi La'asar, a bencin shagon yake zama, su haƙa gurbi a ƙasa su yi ta dara, ƙamshin sabon katako yana tashi. Matansu ma sun saba. Fanta tana da injin markaɗe a zaure, Jummy matar Nehemiah kuwa sana'arta man gyaɗa da ƙuli, don haka kusan kullum sai ta tsallako da roba cike da soyayyiyar gyaɗa a ka. Kafin layi ya zo kanta sun gama hirar duniya.

Wata rana tankar mai ta lalace ta tare babban titi, Bappayo ya ratso da Oga da wani baƙonsa ta unguwarsu. Da suka zo gefen kwarin, daraktan ya leƙa ta taga, ya ce wa baƙon da Turanci cewa irin wannan wuri in ba a tare shi ba sai ya haɗiye gidaje. Iyakar abin da aka yi ke nan, ko tsayawa ba su yi ba. Amma da yamma a majalisa labarin ya zama cewa Bappayo ya ɗauko Oga takanas ya nuna masa halin da ake ciki, Oga kuma ya girgiza kai ya ce a bar masa.

Kusan shekara guda bayan haka sai ga masu awo da na'urarsu mai ƙafa uku, suna kafa turaku suna shafa jan fenti. Aka ce gwamnati za ta ɗaure kwarin da siminti ya zama magudana, ta ɗora gadar mota a kai. Aikin daga wata hukuma daban ya fito, wadda Bappayo bai ma san ofishinta ba, ya kuma fi kowa mamaki. Sai dai unguwa ta riga ta yanke hukunci. Mai unguwa Iro ya zo da dattawa har zaure, da goro da turare, aka yi masa godiya aka sa masa albarka. Aka naɗa shi shugaban kwamitin da zai riƙa magana da ɗan kwangila. Tun kafin a haƙa rami ɗaya yara suka fara cewa Gadar Bappayo.

Bayan baƙin sun tafi Fanta ta tambaye shi a hankali, tana kwashe tabarmi, ko da gaske shi ya kawo aikin.

"Allah ne ya kawo," in ji shi. "Mu dai mun yi namu."

Ta dube shi, ta ci gaba da kwashe tabarmi.

Gadar katako tana daidai inda sabuwar za ta zauna, dole a cire ta. Ana cikin wannan magana aka aiko wa Nehemiah cewa wansa ya rasu a ƙauye. Kafin ya tafi ya sami Bappayo a ƙofar gida, jakarsa a kafaɗa. Ya roƙe shi kada a taɓa gadar sai ya dawo. Ya ce zai kwance ta da hannunsa, ya mayar da ita can ƙasa wajen tsamiya, mutane su samu abin bi kafin a gama ta gwamnati. Bappayo ya ba shi hannu, ya yi masa ta'aziyya, ya ce ya tafi hankali kwance.

Ba a jima ba foman, wato shugaban ma'aikatan ɗan kwangila, ya zo yana faɗa, wai katafila tana zaune ba aiki saboda tarkacen katako. Bappayo ya ce masa mai ita ya yi tafiya, a ɗan dakata. Foman ya kalle shi sama da ƙasa a gaban samarin da suka taru kallo, ya ce shi an gaya masa akwai wani mai faɗa a ji a unguwar, ashe ba a gaya masa daidai ba. Wannan maganar ce ta yi aikin. Bappayo ya juya ya ce wa samarin su cire ta yanzu. Da wani ya tambaya ina za a ajiye katakon, ya ɗaga hannu ya ce kowa ya ɗauki abin da yake so, zamanin katako ya wuce. Kafin Azahar babu gada. Mata sun ja na hura wuta, mai shayi ya ja na benci, 'yan gwangwan sun zo sun yanka shasin gunduwa-gunduwa sun loda a kura.

Da Nehemiah ya dawo, ta babban titi ya zagayo. Ya tsaya a bakin kwarin ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya zo inda Bappayo yake tsaye da 'yan kwamiti.

"Malam Bappayo, ka ce za ka jira ni."

Bappayo ya ji maganar har cikin ƙashinsa, amma idanu suna kansa, sai ya yi dariya. "Haba Kafinta. Kafin damina fa a mota za ka tsallaka."

Wasu suka taya shi dariya. Nehemiah ya gyaɗa kai, ya buɗe shagonsa ya shiga.

Da farko aiki ya tafi kamar gaske. Aka daidaita gaɓar kwarin, aka zuba siminti ƙasa da gefe, bango mai santsi wanda tsayinsa ya fi mutum biyu. Aka kafa ginshiƙan gada a tsakiya, rodi ya miƙe a kansu yana jiran a ɗora shimfiɗa. Sai zaɓe ya zo, aka canja mutane a ofisoshi, aka ce kuɗin aikin ya maƙale a wani wuri. Motocin aikin suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, wai an kai su gyara. Foman ya ce zai je gida ya dawo. Daga ƙarshe mai gadi ma ya naɗe tabarmarsa.

Nan unguwa ta gane cewa ta koma baya. Da can ko babu gada ana gangarawa da rani, yanzu bangon siminti ba ya hawuwa. Mai zuwa coci, mai zuwa makaranta, mai kai gawa maƙabarta, kowa sai ya zagaya ta babban titi. Ruwan garuwa ya yi tsada. Daga baya samari suka haɗa wani tsani na ƙarfe a wajen mai walda, suka rataya ɗaya nan ɗaya can, masu ƙarfin hali suna sauka su haura in babu ruwa.

Sunan bai mutu ba, ma'anarsa ce ta juya. Ginshiƙan nan masu tsatsa su ne Gadar Bappayo. In tela ya ce a dawo jibi, sai a ce masa kada dai ya yi wa mutum gadar Bappayo. In saurayi ya daɗe yana zance bai turo ba, haka ake cewa. Lubna ta dawo daga makaranta ta ƙi cin abinci, da ƙyar uwar ta ji cewa da sunan ake tsokanarta. Shi kuwa Bappayo ya ci gaba da cewa ana kan magana, Oga ya ce a ƙara haƙuri. Ya yi ta faɗa har ya daina ɗaga kai in yana faɗa.

Da shekaru suka ja, mai unguwa Iro ya ce tunda Bappayo ke da hanya, ya kai su wajen Ogan nan su roƙe shi baki da baki. Lokacin daraktan ya yi ritaya, shi ma Bappayo ya ajiye aiki. Ya kawo uzuri iri-iri, yau Oga ya tafi Abuja, gobe ba ya jin daɗi, har uzurin ya ƙare. Ranar wata Asabar dattawa suka sa manyan riguna, suka cika mota, aka nufi Ji'ara, unguwar manya.

Daraktan ya fito da jallabiya, ya tarbe su da fara'a, don mutumin kirki ne. Da ya ga tsohon direbansa fuskarsa ta washe.

"A'a, Bappa direba. Ka zo a daidai." Ya laluba aljihu ya miƙa masa makulli. "Taimaka ka gyara mini tsayuwar motar can, yaron nan ya tare ƙofa."

Bappayo ya karɓa. Da babbar rigarsa da hularsa ya shiga motar ya gyara ta, dattawan unguwarsu suna tsaye suna kallo. Da ya dawo falo an riga an fara bayani. Daraktan ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce gaskiya bai san da wannan aiki ba, ba ma'aikatarsu ce ta bayar ba, kuma bai tuna ya taɓa ganin wurin ba. Ya juyo ya tambayi Bappayo, da zuciya ɗaya, ko a unguwarsu ne abin yake, me ya sa bai taɓa gaya masa ba.

A hanyar dawowa ba wanda ya yi magana. Da sun zage shi da ya fi masa sauƙi. Da suka sauka mai unguwa ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, kowa ya kama hanyar gidansa.

Daga ranar Bappayo ya bar majalisa. Masallaci yakan je a ƙurarren lokaci, ya tsaya a sahun baya, ana sallamewa ya zame. In zai shiga gari sai ya bi ta lungun baya don kada ya wuce teburin mai shayi, inda har yanzu mutane suke zama a kan katakon maɗacin nan. Nehemiah kuwa ya daɗe da rufe shago, zagaye da katako a kura ya fi ƙarfinsa, ya kafa rumfa a ƙofar gidansa a tsallake. Ba su yi faɗa ba. In suka hangi juna ta saman magudanar sukan ɗaga hannu, shi ke nan.

Jummy ce ba ta daina zuwa ba. Akwai injin markaɗe a ɓangarensu, amma ta ce ta saba da hannun Fanta. Da damina ta zagayo, da rani ta bi tsani, roba a ka. Wata safiya tana saukowa, matakin da tsatsa ta cinye ya karye a ƙarƙashin ƙafarta, ta faɗa kan simintin. Bappayo yana alwalar walaha ya ji hayaniya, ya fito har bakin magudanar. Ya gan ta kwance a ƙasa, ƙafa ɗaya ta juya yadda ƙafa ba ta juyawa, gyaɗa ta watsu ko'ina. Ba ta ihu, numfashi kawai take ja. Samari suka sauka suka ɗora ta a kan wani ƙyaure, aka jawo ta sama da igiya ta ɗaya ɓangaren. A can ya hangi Nehemiah ya taho da gudu ba takalmi. Bappayo ya ja da baya ya laɓe a jikin katangarsa.

Ƙashin ƙugu ne ya karye. Ta daɗe a asibiti, aka yi mata aiki, ta fito da sanda da ɗingishin da bai bar ta ba. Bappayo ya sha saka kaya da niyyar zuwa dubiya. Sau ɗaya har ya kai ƙofar asibitin, ya hangi Nehemiah yana sayen ruwa a wajen mai tebur, ya rame, gashinsa ya yi fari. Sai ya juya ya tari keke ya koma gida. Fanta ce ta riƙa zuwa da kunu da farfesu. Duk dawowarta sai ta ce masa Nehemiah ya tambaye shi.

"Malam, ka je mana," ta ce masa wata rana. "Ba wanda zai ce maka komai."

Ya ce ai abin da yake tsoro ke nan. Kuma kowane mako da ya wuce bai je ba, zuwan yana ƙara nauyi, har ya zama in ya je yanzu sai ya fara bayanin abin da ya hana shi zuwa tun farko. Haka aka sallame ta, haka shekara ta zagayo, haka wasu suka biyo. Aka aurar da Lubna, Jummy ta aiko da galan na man gyaɗa gudummawa. Bappayo ya ga galan ɗin a tsakar gida, ya tambaya na wane ne, aka gaya masa, ya koma ɗaki.

Gadar ta zo ne lokacin da kowa ya fid da rai. Gwamnati ta shigo da wani shiri na yaƙi da zaizayar ƙasa, aka bi manyan kwaruruwan gari ɗaya bayan ɗaya, aka zo kan nasu. Sabon kamfani ya duba tsofaffin ginshiƙan ya ce sun tsattsage, aka farfasa su aka kwashe. Cikin rani ɗaya aka kafa sababbi, aka ɗora shimfiɗa, aka zuba kwalta har ta haɗe da titin Herwagana. Ba wanda ya nemi Bappayo, shi ma bai leƙa ba. Ta ƙarar injuna kawai yake sanin inda aka kai.

Ranar buɗewa ya so ya zauna a gida, amma mai unguwa Iro, wanda tsufa ya kama shi sosai, ya aiko cewa duk dattawa su fito kada manyan baƙi su ga rumfa ba kowa. Bappayo ya je ya zauna a kujerar ƙarshe. Mai gabatar da taron wani matashi ne daga gidan rediyo, ba ɗan unguwar ba. Tun safe yake jin ana cewa Gadar Bappayo, sai ya ɗauka sunan wani gwarzo ne da ya yi ta fafutuka. Ana tsakiyar jawabai ya ɗaga murya a lasifika ya ce an shaida masa dattijon da ya sadaukar da rayuwarsa don wannan gada yana wurin, ya daure ya miƙe jama'a su gan shi.

Na kusa da shi suka ɗaga shi. Manyan baƙi suka tafa da gaske, don ba su san komai ba. 'Yan unguwa ma suka tafa, wasu suna sunkuyar da kai suna danne dariya, samari a baya suna fito. Bappayo ya tsaya da hannuwansa a saye cikin riga, yana jin gumi yana bin bayansa. Can cikin masu tsaye a rana ya ga Nehemiah, shi ma yana tafi a hankali, fuskarsa ba dariya ba fushi. Aka kawo wa Bappayo abin magana a baki, aka ce ya faɗi yadda yake ji. Ya ce Allah ya saka wa gwamnati, ya zauna. Ana yanka ƙyalle ya sulale.

Yanzu tsakaninsa da ƙofar Nehemiah tafiyar da ba ta kai a sa takalmi ba ce. Kullum yana cewa gobe. Yana cikin goben nan wata Litinin da hantsi aka yi sallama a zaure, ya fito ya tarar da Nehemiah tsaye da 'yar hularsa a hannu. Shi ne ya tsallako.

Suka gaisa kamar jiya suka rabu, aka tambayi iyali, aka tambayi jiki. Bappayo ya shimfiɗa tabarma, yana ta neman bakin zaren maganar da ya yi shekara da shekaru yana shiryawa. Nehemiah bai ba shi dama ba. Ya ce alfarma ya zo nema. 'Yarsu Millicent da ke aiki a Abuja ta aiko da wata 'yar mota don a riƙa kai uwarta gashin ƙashi a asibiti, ga shi shi bai iya tuƙi ba, yaran yanzu kuma gudu gare su, ita kuwa ba ta son girgiza. Ya ce ya duba duk garin bai ga wanda ya fi Malam Bappayo sanyin hannu ba.

Bappayo ya ce to.

Haka ya koma tuƙi. Duk ranar asibiti yakan yi sammako ya tsallaka, ya goge motar, ya matso da ita daidai ƙofa. Jummy takan fito da sandarta tana jan ƙafa, shi kuma ya kafa idonsa a kan sitiyari har ta gama shiga. Yakan bi ramuka a hankali kamar yana ɗauke da ƙwai. A hanya Nehemiah ne mai hira, ita takan sa baki jefi-jefi, ta tambayi Fanta, ta tambayi jikokin. Ba wanda ya taɓa ambaton katako ko tsani.

Wata rana an gama gashi, Nehemiah ya koma ciki karɓo magani, suka rage su biyu a mota a ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro. Sai Jummy ta yi magana daga kujerar baya, muryarta ba ta tashi ba.

"Baban Lubna, faɗuwar nan ban taɓa ɗora maka ita ba. Ni na hau tsanin da ƙafata. Amma na kwanta a gadon nan ina duban ƙofa, har mai shayi ya zo, kai ba ka zo ba. Wannan ne ya tsaya mini."

Bappayo ya buɗe baki. Ya so ya ce ya zo har ƙofar asibiti, sai ya ji in ya faɗa abin zai fi muni. Ya riƙe sitiyarin da hannu biyu.

"Haka ne, Maman Millicent," ya ce. "Ban zo ba."

Ta ce to, ta dai faɗa ne don kada ta mutu da shi a ciki. Ta gyara zama, ta ce ya ɗan sauke mata gilashi, zafi ya yi yawa. Ya sauke. Nehemiah ya dawo da ledar magani yana mitar layi, suka kama hanya.

Da suka isa gida Bappayo ya fito ya buɗe mata ƙofa, ya miƙa mata sandarta, wannan karon bai kau da kai ba, ya tsaya yana kallon yadda take ɗaga ƙafar da ƙyar tana tsallake dokin ƙofa. Ya miƙa makulli zai tafi kamar kullum, Nehemiah ya ce ya shigo ya sha ruwa. Ya ɗan yi jim, sannan ya cire takalmi ya shiga. Aka ba shi kujera a inuwar gwanda, aka kawo ruwan randa a kofin silba, ya sha rabi ya riƙe sauran a hannu. Jummy ta sa aka ƙulla wa Fanta ƙuli a leda. Da ya tashi, Nehemiah ya rako shi har bakin titi, suna maganar tsadar takin zamani da yadda ruwan bana ya makara.